Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Shugabannin Tseren Sifidwe na Birtaniya

Zuwa ga shugabannin British Speedway Promoters Limited da na hukumar Speedway Control Bureau,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kun kammala kakar 2025 lafiya. Ni ba mai kulob ba ne, ban taɓa hawa babur ɗin tsere ba, kuma ba ni da ƙuri'a a taron da kuke yi a ƙarshen kowace shekara domin tsara dokokin kaka mai zuwa. Ɗan kallo ne ni, Bahaushe mazaunin Wolverhampton, wanda ya yi shekara goma yana biyan kuɗin ƙofa a daren Litinin, har ranar da aka rufe ƙofar aka bar mu a waje. Na rubuta da harshen da na tashi da shi domin da shi nake iya faɗin magana yadda take a raina, kuma gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Kun fi ni sanin wasan sifidwe, wato wannan tseren babura, amma da yake wasiƙar a buɗe take, akwai masu karatu da ba su taɓa ganinsa ba. Mutum huɗu ne ke jeruwa a bayan igiya, kowanne a kan babur mai inji 500cc wanda ba shi da birki, giyarsa ɗaya ce, man da yake sha kuma metanol ne. Da zarar igiya ta yi sama sai su kewaye da'irar jar ƙasa sau huɗu, su gama cikin minti ɗaya ko abin da ya yi kusa da haka. Wannan shi ne turmi ɗaya, idan na ari kalmar 'yan dambe, kuma turmi 15 ake yi a wasan lig. Na ɗaya yana samun maki uku, na biyu maki biyu, na uku maki ɗaya, na ƙarshe ya tashi a tutar babu.

A shekarar 2014 wani maƙwabcina, dattijon Bature da ya yi ritaya daga aikin masana'anta, ya ja ni zuwa Monmore Green, filin tseren ƙungiyar Wolverhampton. Ya tsayar da ni a bakin kwana ta farko, ya miƙa mini takardar jerin mahaya maƙale a jikin allo, ya ce idan na ga sun taho in ɗaga allon in kare fuskata. Ban gane nufinsa ba sai da baburan suka karkace gaba ɗaya, tayoyin baya suka watso mana tsakuwa kamar ana sheƙar hatsi, na ji ta a haƙorana. Kafin turmi na uku ya ƙare ya gama koya mini wasan: masu jar hula da shuɗiya namu ne, masu fara da rawaya baƙi ne, ka rubuta uku, biyu, ɗaya, sifili, ka tara. Baƙon da bai san kowa ba, wanda Turancin mutanen yankin Black Country, inda Wolverhampton take, ke ba shi wahala, ya koma gida a daren nan ya fahimci abin da ya gani. Wannan sauƙin shi ne babban jarin da kuke da shi, kuma shi nake ganin kuna ta ɓarnatarwa kaɗan-kaɗan.

Tun daga wancan lokaci, kusan duk watan Maris sai mun sake koyon wasan da muka ɗauka mun iya. Mun ga zamanin hula mai baƙi da fari, lokacin da ƙungiyar da aka ba wa tazara take fito da gwaninta a ninka masa maki, wato ya ci turmi a rubuta masa shida. Kun soke wannan daga kakar 2018, kun maye gurbinsa da canjin mahayi na dabara, kuma na yaba muku, domin babu yadda za a yi a fahimtar da mutum cewa gazawa ce take jawo lada. Mun ga tsarin makin tebur da sai da alƙalami ake bin sa: wanda ya ci a waje da tazarar maki bakwai ko fiye ya sami huɗu, wanda ya sha kashi a waje da tazarar da ba ta wuce shida ba ya sami ɗaya. Daga 2023 kuma kuka dawo da tsohon tsarin maki biyu ga wanda ya ci, da ƙarin ɗaya ga wanda ya fi yawan maki idan aka haɗa wasan gida da na waje. Kowanne daga cikin waɗannan yana da masu kare shi, kuma ba ina cewa duk ba su da hujja ba ne. Abin da nake cewa shi ne, ba a barin ko ɗaya ya daɗe har mutane su saba da shi, su riƙa kwatanta bana da bara.

Abin da ya fi raba kan 'yan kallo a 'yan shekarun nan shi ne turmin raba gardama da kuka sa wa suna Super Heat. Maki 90 ne ake rabawa a turmi 15, saboda haka akan tashi 45 da 45. A da idan haka ta faru, alƙalin wasa ya rufe littafi, kowa ya kama hanyar gida yana lissafin inda aka yi asarar maki ɗayan da ya hana nasara. Yanzu sai a sake fito da mutum biyu daga kowane ɓangare, a canza lissafi zuwa huɗu, uku, biyu, sifili, domin jimillar ta zama tara, wadda ba ta rabuwa biyu daidai.

Ba zan ɓoye muku ba, ni ma na yi ihu a irin wannan turmi har muryata ta dushe. Masu goyon bayansa suna cewa ɗan kallo ya sami ƙarin tsere a kuɗinsa, masu talabijin sun sami abin rufe shiri, kuma babu wanda ke barin fili kafin a gama. Duk gaskiya ne. Amma ku dubi abin da aka bayar aka karɓi wannan. Wasan lig na mutum 14 ne, bakwai-bakwai, kuma sau da yawa yaron da ke lamba ta bakwai, wanda ya ƙwaci maki ɗaya da ƙyar a turmi na biyu, shi ne ya jawo canjaras ɗin. Idan aka zo raba gardama sai a ajiye shi gefe, a miƙa hukuncin dare gaba ɗaya ga manyan gwanaye huɗu, waɗanda tuni aka ba su turmi na 13 da na 15 domin su nuna kansu. Ƙungiyar da ta zuba kuɗinta a kan taurari biyu ta sami riba, wadda ta gina kanta daidai wa daida daga sama har ƙasa ta yi asara. Sannan mutanen nan da ake ƙara wa tsere ba su da birki, sun riga sun hau sau biyar a kan ƙasar da ta gama farfashewa, kuma da yawansu jirgin asuba za su bi zuwa wata ƙasa su sake hawa.

Akwai kuma maganar lissafin kansa. Na taɓa kai wani ɗalibi ɗan garinmu kallo, na koya masa uku, biyu, ɗaya, sifili kamar yadda aka koya mini, aka kuma yi sa'a ko rashin sa'a aka tashi kunnen doki. A turmin raba gardama mahayin ƙungiyar da muke goyon baya ya fita kamar kibiya, ya ci da tazara mai yawa, abokin hawansa kuwa ya zo na ƙarshe. Yaron ya yi tsalle ya rungume ni. Sai da na zaunar da shi na bayyana masa cewa huɗu muka samu, su kuma na biyu da na uku sun ba su biyar, don haka mu aka ci. Ya dube ni ya ce, "Yaya, wanda ya riga kowa isa shi ne kuma ya faɗi?" Na san amsar da za ku bayar, cewa ana so a ƙarfafa hawan haɗin gwiwa, kuma irin wannan lissafi ake yi a gasar ƙasashe ta Speedway of Nations. Amma can da shi ake farawa da shi ake gamawa. A nan kuwa an yi awa biyu ana auna da mudu ɗaya, sai a awon ƙarshe, wanda ya fi kowanne muhimmanci, a ɗauko wani mudun.

A damben gargajiya da na tashi ina kallo, idan aka yi turmi uku babu wanda ya kai ƙasa, raba su ake yi a ce babu kisa, kuma ban taɓa ganin wanda ya nemi a mayar masa da kuɗinsa ba. Canjaras sakamako ne mai mutunci, musamman ga baƙon da ya je filin da bai saba da shi ba ya hana masu gida nasara. Roƙona shi ne ku bar turmin raba gardama a inda ba makawa sai an fitar da gwani, wato wasan kofi da wasannin ƙarshen kaka, inda ƙungiyoyin saman tebur ke karawa domin fitar da zakara, ku mayar wa lig canjaras ɗinta.

Game da wasannin ƙarshen kaka, dole in yi adalci ko da a kan ƙungiyata ne. A 2002, shekarar da aka fara su, Eastbourne ce ta ƙare a saman tebur, amma Wolverhampton ta doke ta a wasan ƙarshe ta ɗauki kambun. Maƙwabcina yakan ba da labarin da murmushi, ko da yake bai taɓa cewa an yi wa Eastbourne daidai ba. Na yarda cewa waɗannan wasanni su ne ke cika fili a watan Satumba da Oktoba, kuma kulob ɗin da ke fama da bashi ba zai yi wasa da daren da ya fi kowanne kawo kuɗi ba. Sai dai a 2021 da 2022 ƙungiyoyi shida ne kacal a babban rukuni na Premiership, huɗu daga ciki kuma suna wucewa zuwa wasannin ƙarshen kaka. Idan wata shida na gumi ba su tace komai ba sai ƙungiya biyu, kuma waɗannan biyun ma babu inda za su faɗa, me zai sa mutum ya fito cikin sanyin Afrilu ya biya kuɗi? An gwada hawa da sauka tsakanin babban rukuni da na biyu a 2017, lokacin da Leicester ta kare kujerarta a hannun Sheffield, daga nan ba a sake ba. Yanzu aljihu ne ke hawar da kulob ko ya saukar da shi, kamar yadda Poole, bayan duk kofunan da ta tara, ta zaɓi komawa rukuni na biyu da kanta bayan kakar 2019.

Dokar ƙayyade ƙarfin ƙungiya ma tana bukatar a sake dubawa. Na fahimci asalinta. Ana raba makin mahayi da yawan hawansa a ninka sau huɗu, a sami matsakaicinsa. Ƙungiyar da ke tashi 45 kullum, matsakaicin kowane mutum nata shida ne, na bakwai ɗinsu 42, kuma a kewayen wannan adadi kuke ɗaga iyaka ko ku sauke ta kowace shekara domin kada mai kuɗi ya kwashe gwanaye. Niyya ce mai kyau. Amma sakamakonta shi ne duk ƙungiyar da ta yi ƙoƙari sai an wargaza ta, kuma yaron da ya ci gaba a bana ya zama nauyi ga kulob ɗinsa baɗi, domin lambarsa ta yi girma. A kan wannan kuma aka ɗora dokar ɗan aro, wadda ta ba da damar a ɗauko mahayin wata ƙungiya ya cike gurbin wanda ya ji rauni, da kuma izinin mutum ɗaya ya hau wa kulob biyu a rukuni biyu. Na sha ganin mutumin da muka yi wa tafi ran Litinin ya sa rigar abokan hamayyarmu ran Alhamis. Na san mahaya sun yi ƙaranci, na san injin babur da gyaransa suna cin kuɗi, kuma wanda ba ya hawa sau uku a mako ba zai ci abinci da sana'ar ba. Na kuma san cewa Folan ta riƙe Juma'a da Lahadi, Suwidin ta riƙe Talata, Denmak ta riƙe Laraba, shi ya sa aka bar wa babban rukuninku Litinin da Alhamis, ranakun da yara ke da makaranta washegari. Shirin Rising Star da kuka fara a 2021 domin ba matasan gida gurbi mataki ne mai kyau. Duk da haka kayan aro ba ya rufe katara, kuma yaro ba zai roƙi uban sa ya saya masa rigar kulob ba idan bai san wanda zai sa ta mako mai zuwa ba.

Ranku ya daɗe, duk abin da na faɗa zuwa nan ƙaramar magana ce idan aka kwatanta da wadda ta sa na ɗauki alƙalami. Muna ta jayayya a kan turmi na 16, alhali filayen da za a yi turmi na ɗaya suna ƙarewa. An bar jaki ana dukan taiki.

Ku dubi yankin da nake zaune. Ƙungiyar Cradley Heath ta rasa filinta na Dudley Wood a 1995. Coventry ta rasa filinta na Brandon a ƙarshen 2016. Wolverhampton, wadda aka fara tsere a filinta tun 1928, shekarar da wasan ya iso ƙasar nan daga Ostareliya, wadda ta ci lig sau biyar, na ƙarshe a 2016 a gaban idona, wadda Tai Woffinden ya yi suna a cikinta kafin ya zama zakaran duniya sau uku, ta yi tserenta na ƙarshe a Monmore Green a 2023, ba domin ta rasa 'yan kallo ko ta kasa biyan mahaya ba, sai domin masu filin ba su sabunta mata haya ba. Waɗansunmu suka haɗiye tsohuwar hamayya suka koma filin Perry Barr kallon Birmingham, shi ma ga shi an rufe shi a 2025. Yankin da ya taɓa zama cibiyar wasan ya wayi gari babu inda uba zai kai ɗansa ya ji ƙarar inji.

Ba mu kaɗai ba ne. Swindon ta ci lig a 2019, ba ta sake yin tsere ko ɗaya a Abbey Stadium ba. Peterborough ta ci a 2021, bayan shekara biyu aka fitar da ita daga East of England Showground inda take tun 1970. Wato cin kambun ƙasa bai saya wa kulob ko da kaka uku na kwanciyar hankali ba. Rye House ta tsaya a tsakiyar kakar 2018, Lakeside ta rasa filinta na Arena Essex a ƙarshen kakar, Eastbourne ta durƙushe ana tsakiyar 2021, Newcastle ta bi ta a 2022. Waɗansu kuɗi ne ya kashe su, amma mafi yawan manyan asarorin tushensu ɗaya ne: kulob ɗin ɗan haya ne, sau da yawa a filin tseren karnuka ko filin baje koli, a kan ƙasar da mai gina gidaje zai biya ninkin abin da sifidwe zai iya biya har abada. Wasan da ya tara mutum sama da 90,000 a Wembley a 1981, daren da Bruce Penhall ya zama zakaran duniya, yau ba shi da fili ko ɗaya a Landan.

Ba ku kuka sayar da filayen nan ba, kuma ba zan ɗora muku laifin da ba naku ba. Abin da nake tuhumarku da shi shi ne kowane kulob ana barinsa ya yi yaƙinsa shi kaɗai, kuma mu 'yan kallo ba ma jin labari sai an riga an sa hannu a takarda, sannan a fara tara sa hannu da zanga-zanga, ihu bayan hari. Alhali akwai shaidar cewa idan an tashi da wuri ana cin nasara. Belle Vue ta sami National Speedway Stadium a 2016 domin majalisar birnin Manchester ta shigo cikin aikin, kuma a wannan fili ne Birtaniya ta ci Speedway of Nations a 2021 da 2024. Oxford ta yi shiru tun daga 2007, mutanen Cowley, unguwar da filin yake, suka ƙi yarda a rushe shi, har baburan suka dawo a 2022. Workington ta dawo a 2023 a filin Northside da masoya wasan suka gina da hannunsu. A Brandon ma, 'yan sa-kai na Save Coventry Speedway sun bi takardu shekara da shekaru, majalisar Rugby ta ƙi amincewa da gina gidaje a 2022, aka ɗaukaka ƙara, aka kore ta a farkon 2024, domin ƙa'idar tsara ƙasa ta Ingila ba ta yarda a gine filin wasa ba sai an nuna ba a bukatarsa ko an samar da madadinsa. Waɗannan mutane ne masu aikin yi da iyali, suka koyi dokar filaye da daddare a teburin cin abinci. Bai kamata kowane gari ya fara wannan karatu daga baƙi ba.

Saboda haka nake roƙonku ku ɗauki mutum, ko ofishi ƙarami, wanda ba shi da wani aiki sai maganar filaye: ya san ranar da hayar kowane kulob za ta ƙare, ya zauna da majalisun garuruwa tun saura shekara biyar, ya taimaka wa magoya baya su yi rajistar filinsu a matsayin kadarar al'umma a ƙarƙashin dokar Localism Act ta 2011, wadda ke ba su wata shida su nemi kuɗi idan za a sayar. Ku kuma riƙa bayyana mana halin da kowane fili yake ciki sau ɗaya a shekara, ko da labarin ba mai daɗi ba ne. Mutumin da ya san gemun maƙwabcinsa ya kama da wuta zai nemi ruwa, amma sai an gaya masa. A Folan, inda filaye irin na Toruń da Gorzów mallakar gari ne, shugaban kulob yana kwana da tunanin mahayin da zai saya, ba tunanin inda zai yi wasa ba.

A nan ne maganar dokoki da maganar filaye suke haɗuwa. Kansilan da za a roƙa ya ba da ƙasa, ko kamfanin da za a roƙa ya sa sunansa a riga na shekara biyar, tambayar farko da zai yi ita ce yaya wasan zai kasance nan da shekara biyar. Yau babu wanda zai iya amsa masa, domin masu kulob ɗin da ke hamayya da juna su ne ke zama su yanke doka, kowanne yana duban mahayan da ya riga ya yi wa alkawari. Ba zargin rashin gaskiya nake yi ba. Duk wanda ya zuba dukiyarsa a abu dole ya kare ta, kuma na san da yawanku asara kuke yi saboda son wasan. Amma ɗan wasa ba ya zama alƙali. Ku miƙa littafin dokoki ga wani kwamiti da ba shi da kulob, ku ba mahaya kujera a ciki, ku ba 'yan kallo kujera, sannan duk abin da aka amince da shi game da makin tebur, raba gardama da iyakar ƙarfin ƙungiya a kulle shi na shekara biyar, kada a taɓa sai abin da ya shafi lafiyar mahaya. Ko da kun zaɓi tsarin da ban so ba, har da Super Heat ɗin, zan haƙura da shi idan na san ba zai canza ba kafin in gama bayyana wa wani.

Maƙwabcina ya haura shekara 80 yanzu, ba ya iya tuƙin dare zuwa Leicester ko Sheffield, ni nake kai shi idan aiki ya bar ni, kuma ba kullum yake bari ba. Allon nan da ya ba ni na kare fuska a daren farko yana rataye a bayan ƙofar kicin ɗinsa, da takardar tseren ƙarshe na Monmore Green a maƙale, an cike ta da biro har turmin ƙarshe. Da na gaya masa zan rubuto muku, abu ɗaya ya ce in tambaya: a cikin ku wa ke da alhakin nemo wa yankinmu fili, kuma yaushe za mu ji daga bakinsa. Ina fatan za ku amsa masa a bainar jama'a bayan taronku na bana.

Na gode da sauraro. Ku huta lafiya.

Naku,
Wani ɗan kallo daga Wolverhampton